Firiza Ta Daina Sanyi? A Duba Kafin A Kira Mai Gyara

A garuruwa da ƙauyukan da wutar lantarki ta kai, firiza ta zama jari. Mata da yawa da ita suke neman na kansu. Suna sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, musamman da bazara da watan azumi. Ranar da firiza ta daina sanyi, ciniki ya tsaya. Kunun aya kuwa ba ya jira, kafin yamma ya yi tsami.

Abin da aka fi ji a bakin mutane shi ne, "gas ya ƙare." Sau da yawa ba haka ba ne. Gas ɗin firiza ba kamar kananzir ɗin fitila ba ne, ba ya ƙonewa. Zagayawa yake yi cikin bututu a rufe. Injin da ke ƙasa yana tura shi, shi kuma yana kwaso zafin ciki yana fitarwa waje. Muddin bututu bai huje ba, gas ɗin zai yi shekaru yana aiki. Saboda haka akwai abubuwan da mai firiza zai duba da kansa, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Da farko a duba wuta. Firiza tana son wuta mai ƙarfi, bolt 220 zuwa 240. Idan ƙwan fitila ya yi ja, fanka kuma tana juyawa da ƙyar, to wutar ba ta isa ta tayar da injin ba. A kasa kunne. Za a ji injin ya yi gurnani, ya yi "ƙas", ya yi shiru. Bayan 'yan mintoci ya sake. A zare firiza daga wuta nan take. In aka bar ta haka injin na iya ƙonewa, kuma shi ne mafi tsada a jikinta. Sitabilaiza tana maganin wannan. Haka kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan da nan, a jira minti 5 kafin a kunna. In kuwa wuta tana da ƙarfi amma ana jin wannan ƙarar, mai yiwuwa ɗan abin da ke tayar da injin ne ya mutu. Yana manne a gefen injin, sauya shi ba shi da tsada.

Sai robar bakin murfi. A sa 'yar takarda a bakin firiza, a rufe, a ja. Idan ta zare ba wuya, robar ta saki, iska mai zafi tana shiga. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu. In ta yage, a sauya.

Ƙanƙarar da ke taruwa a bangon ciki ita ma tana tare sanyi. Wasu suna ganinta su yi murna, alhali cuta ce. In ta kusa kaurin yatsa, a kashe firiza, a kwashe kaya, a bar murfi a buɗe ta narke da kanta. Kada a kankare ta da wuƙa. Bututun gas yana bayan bangon nan, kuma wuƙa ta huda firiza ba adadi. Sababbin firiza da yawa gas ɗinsu mai suna R600a ne, yana kama wuta. In aka huda, kada a ƙyasta ashana a kusa, a buɗe ƙofa da taga.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci. Kada a sa ta a rana ko kusa da murhu, kada a matse ta da bango. A bar tazarar taƙi guda iska ta ratsa, a riƙa share ƙurar hunturu daga wajen injin bayan an zare wuta. Ɗumin da ake ji a gefen firiza ba ciwo ba ne, zafin da ta kwaso ne take fitarwa. Zoɓo mai zafi a bari ya huce kafin a sa. A kuma leƙa maɓallin ƙara sanyi, don yara suna murɗa shi.

In duk wannan lafiya, injin yana ta aiki ba hutawa amma babu sanyi, to lokacin mai gyara ya yi. Idan ya ce gas ne, a nemi ya nuna inda yake yoyo, ya liƙe wurin, sannan ya ɗura. Ɗuri ba liƙi asarar kuɗi ce, ba a jimawa sanyin zai sake tafiya. Irin gas ɗin da ya dace a rubuce yake a jikin firiza ta baya.

Kafin mai gyara ya iso, a daina yawan buɗe murfi. Firizar da ke cike da daskararren kaya tana riƙe su kamar kwana 2, mai rabin kaya kwana 1. Naman da ya narke amma yana da sanyi sosai, a soya shi a ranar. Wanda ya yi ɗumi ko ya fara wari a zubar, kada a ba yara.