Gidan Shugaba Bayan Rasuwarsa: Gado, Hubusi da Abin da Ya Kamata Mai Ziyara Ya Gani

Tun da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a cikin gidansa na Daura ranar 15 ga Yuli, 2025, ɗalibai suke maimaita mini tambaya ɗaya: shin ya halatta a mayar da gidan shugaba gidan tarihi, jama'a su riƙa shiga suna kallon ɗakinsa da kayansa? Wasu suna jin ƙanshin bidi'a a cikin al'amarin, wasu kuwa ba su ga abin tambaya a ciki ba. Mas'alar tana da rassa, kuma reshen da aka fi mantawa da shi shi ne ya kamata a fara da shi, wato haƙƙin magada.

Muna da misalai biyu a gabanmu. Arewa House da ke Kaduna mazaunin Firimiyan Jihar Arewa ne, Sardauna Ahmadu Bello, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. Daga 1970 wurin ya zama cibiyar adana takardun tarihi da bincike, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a yau. Wannan gidan hukuma ne tun asali, don haka maganar gado ba ta taso a kansa. Na biyu shi ne Gidan Mambayya a unguwar Gwammaja ta Kano, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP a 1979, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a harabar gidan. Jami'ar Bayero ce take riƙe da shi, ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Irin wannan gida, na mutum na kansa, shi ne mahallin bincikenmu.

Da zarar mai gida ya cika, gidan ya fita daga mulkinsa ya shiga tarikarsa. Bayan jana'iza da biyan bashi da zartar da wasiyya, saura na magada ne, ko mamacin sarki ne ko talaka. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi sai da yardarsu. Saboda haka shugaban da ya yi wasicci a bar gidansa ga al'umma, alhali gidan ya fi sulusin dukiyarsa, abin da ya ƙaru yana hannun magada, in sun so su zartar, in sun so su hana. Idan akwai maraya a cikinsu, waliyyinsa ba shi da ikon kyautar da rabonsa, komai kyawun manufar. Ƙaunar da jama'a ke yi wa mamaci ba ta zama hujjar mallaka.

Hanya mafi tsabta ita ce hubusi, wanda aka fi sani da waƙafi, asalinsa kuwa gonar Sayyidina Umar ta Khaibara, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sai dai Malikiyya sun gindaya sharaɗin da mutane ke tuntuɓe da shi: dole abin da aka yi hubusinsa ya fita daga hannun mai shi, a karɓe shi, kafin mutuwa ko ciwon ajali ko tsiyacewa su riske shi. Wanda ya furta cewa gidansa waƙafi ne, sannan ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, hubusin ya ɓaci, gidan ya koma gado. In kuwa ba a yi hubusi ba, hukuma ko jami'a tana iya sayen gidan da farashinsa na gaskiya, a raba kuɗin bisa fara'ila. (Wannan hukunci bai tsaya ga shugabanni ba. Ɗalibanmu na Karaye da Rogo sun san gidajen malamai da aka raba littattafansu tsakanin 'ya'ya, juzu'i na farko ya tafi wani gari, na biyu ya tafi wani.)

To, idan mallaka ta inganta, me aka zo gani? A nan akwai wani labari da Ibn Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat. A shekara ta 88 bayan Hijira, Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya umarci gwamnansa na Madina, Umar ɗan Abdul'aziz, da ya rushe ɗakunan matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigar da su cikin masallaci. Sa'id ɗan Musayyib, babban faƙihin Madina cikin tabi'ai, ya yi burin da an bar su yadda suke, domin masu tasowa da baƙi su ga ɗan abin da Manzon Allah ya wadatu da shi, ko hakan ya rage musu gasar gine-gine. Ɗakuna ne na zarben dabino da yaɓen laka. Hasanul Basari ya ba da labarin cewa yakan taɓa rufinsu da hannunsa.

A ganina wannan athari shi ne mafi ƙarfin abin da mai halatta adana gida zai dogara da shi, kuma shi ne ya iyakance manufar: i'itibari. Wanda ya shiga ɗakunan Malam Aminu ya ga ƙanƙantarsu, sannan ya tuna cewa mai su ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, ya karanta darasin zuhudu da babu laccar da za ta isar masa da shi. Wannan ne ya sa nake tsoron gyaran da ya wuce kima fiye da yadda nake tsoron sakaci. Ranar da aka lulluɓe daɓen da tayil, aka sauya kujerun da na alfarma don girmama mamaci, an shafe shaidar da aka ce za a adana.

Masu tsoron guluwwi ma suna da madogara. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana mutane rige-rigen yin salla a wani wuri a hanyar Makka don kawai Annabi ya taɓa salla a nan, alhali ɗansa Abdullahi ya shahara da bibiyar irin waɗannan wurare. Saɓanin ya samo asali tun daga sahabbai, kuma abin da ake jayayya a kansa shi ne neman albarka da ibada a wurin. Hular shugaba ko sandarsa babu mai cewa ana neman tabarruki da su. Wurin da ke buƙatar tsaro shi ne kabari, idan yana cikin gidan kamar na Gwammaja da na Daura: a ziyarce shi da sallama da addu'a ga mamaci, kada a fuskance shi da salla, kada a roƙi mai shi komai, kuma a raba hanyarsa da ta ɗakin baje kayan tarihi, don kada ɗan makarantar da aka kawo yawon buɗe ido ya kasa bambance inda ake kallo da inda ake addu'a.