Kwana Arba'in a Dajin Amazon

Ran 1 ga Mayu, 1 ga watan da damina ke kankama a can, shekarar 2023, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a ƙungurmin dajin Amazon na ƙasar Kolambiya. Manya uku suka rasu, har da mahaifiyar yara huɗu da suka tsira. Babbarsu shekararta 13, autarsu kuwa wata 11.

Da masu ceto suka gano jirgin bayan mako biyu, ba su tarar da yaran ba. Sojoji suka bazama nema tare da mutanen dajin, masana sawu. Aka yi ta watsa muryar kakar yaran daga sama, tana ce musu su tsaya wuri guda. Ran 9 ga Yuni aka same su da rai. Garin rogo da 'ya'yan itace suka riƙe su.

Malamanmu sun ce ɗaukar tsintaccen yaro farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi, sun ɗauke wa saura; in kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi. Saboda haka in muka ji cigiyar yaro, mu rufe shago, mu bar ofis, mu fita nema. Allah ya tsare mana zuriya, amin.