Daren Da Matan Makoda Suka Kalli Wasan Kisan Murtala

Kwanan baya, bayan an gama kaka an cika rumbuna, na je ganin gida a wani ƙauye na ƙasar Makoda, can arewa da birnin Kano, daura da Dambatta. Ƙasar manoma ce, gona na manne da gona, gida ba ya nisa da gida, saboda haka in aka kunna talabijin a gida ɗaya bayan sallar lisha, to, sai matan maƙwabta su hallara, kowacce da ƙwaryar gyaɗarta tana ɓara. A irin wannan zama ne muka kalli wani wasan kwaikwayo wanda ya so ya haɗa Gwaggona da matar ƙanena faɗa.

Sunan wasan '76. Wani mutum mai suna Izu Ojukwu ya shirya shi, ya fito a 2016. Wani yaron gidanmu ne ya sa aka tura masa shi a waya a Dambatta, ya zo ya jona a akwatin talabijin mai aiki da hasken rana. Da yake yawancin maganar cikinsa da Turanci ake yi, sai wata 'yar yayata mai karatun sakandare ta zauna kusa da akwatin tana yi mana tafinta.

Ga wadda ba a haife ta ba a lokacin, ga abin da ya faru. Janar Murtala Muhammad, haifaffen Kano, ya zama Shugaban Ƙasa a ƙarshen watan Yuli, 1975. Bai cika wata bakwai a kan mulki ba, amma a ciki ya mai da jihohi 19, ya kuma yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa Abuja. Ran Juma'a 13 ga watan Fabrairu, 1976, da safe, yana cikin mota za shi ofis a Barikin Dodan, sai waɗansu sojoji a ƙarƙashin Laftana-Kanar Buka Suka Dimka suka tare shi suka buɗe masa wuta. Ya rasu yana da shekara 37. Juyin mulkin bai yi nasara ba. Aka kawo gawarsa Kano aka yi masa sutura.

To, amma fa ba a kan gidan Murtala aka gina labarin wasan ba. An gina shi ne a kan wani ƙaramin hafsa, Kyaftin Dewa, da matarsa Suzy wadda Rita Dominic ta fito a matsayinta. Ita Inyamura ce, iyayenta ba su son auren, ga ta kuma da tsohon ciki. Abokan mijin suka nemi su ja shi cikin makircin, ya ƙi, amma da al'amari ya ɓaci sai aka kama har da shi.

Samarin da suka tsaya daga bakin zaure, su hankalinsu yana kan bindigogi da kaki da tsofaffin motoci. Mu kuwa mata, tun da aka nuno Suzy da cikin nan babu wadda ta sake ɗauke ido daga kanta. Wata maƙwabciyarmu ta ce, yarinya a bariki, ba uwa ba dangi, in haihuwa ta zo wa zai dafa mata ruwan jego? Wata kuma har da share hawaye da bakin zane.

Nan ne Gwaggo ta ture ƙwaryarta. Ita tana amarya aka yi abin. Ta ce tana daka aka leƙo daga zaure, inda maza suka kewaye rediyo, aka ce an harbe Murtala, sai ta ji taɓarya ta fi ƙarfinta. Ta ce ranar an tuƙa tuwo amma ya kwana a akushi, kuma a shekarar nan gida nawa aka raɗa wa jariri suna Murtala. Abin da ya ɓata mata rai shi ne, a ce an tashi yin wasa a kan wannan rana, sa'an nan a zaunar da ita tana kallon kukan matan barikin da aka ƙulla kisan a cikinsa. Ina matar Murtala, Ajoke, wadda aka bari da 'ya'ya shida? Ina kukan mutanen Kano?

Kowa ya yi tsit, don ba a saba mai da wa Gwaggo magana ba. Sai matar ƙanena, wadda mijinta soja ne aka tura shi Barno, kuma ita ma goyo gare ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Matar soja ba ta san abin da ake dafawa a bariki ba, sai dai ta ga mota a ƙofar gida."

Gwaggo ta ce ai abin da mutum ya shuka shi zai girba. Yarinyar nan ta ce haka ne, amma ba matar ce ta shuka ba.

Ni dai, uwargida, na daɗe ina juya wannan magana. Ran 11 ga watan Maris, 1976, aka harbe mutum 32 a Ikko saboda wannan juyin mulki, cikinsu har da Manjo-Janar Iliya Bisalla. Ran 15 ga watan Mayu aka harbe waɗansu 7, cikinsu da Dimka da Joseph Gomwalk, tsohon Gwamnan Jihar Binuwai-Filato. Mutum 39 ke nan, kuma kowannensu daga wani gida ya fito, da uwar da ta goye shi. Har ma akwai mace ɗaya, Helen Gomwalk, da aka yanke wa ɗaurin rai da rai. A ɗaya gefen kuma ba Murtala kaɗai aka kashe ba. Dogarinsa, Laftana Akintunde Akinsehinwa, ya mutu tare da shi, haka kuma direbansa, sa'an nan aka kashe Gwamnan Jihar Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo. Su ma an bar mata a gidajensu, amma ba safai ake ambatonsu ba. Ban ga inda tausayin mai ciki ya rage wa Murtala daraja ba, balle ma mijin nan na cikin wasa bai sa hannu ba.

Amma kuma ba zan ce Gwaggo ba ta da gaskiya ba. Abin da take nema shi ne ta ga ranar kamar yadda ta same ta a tsakar gida, cikin harshenta, ba sai an yi mata tafinta ba. Da ma a ce masu shirya finafinanmu na Kano, waɗanda ba su gajiya da labarin kishiya da soyayya, su zauna da irin su Gwaggo tun suna raye, su ji daga bakinsu.

Abu ɗaya da ya dame ni shi ne, da yawa cikin matan sun tashi da zaton Dewa da Suzy mutane ne da aka yi su da gaske. Ba haka ba ne, ƙirƙiro su aka yi. Kisan da kamun da harbin su ne tarihi. Sai da na nanata wannan sau biyu kafin su yarda, wata ma har tana tambayata ko ɗan da ke cikin nan yana raye.

Yaran gidan kuwa ashe ba su san wanda ake ta gardama a kansa ba. Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta fito da takardar naira 20, wadda tun 1977 take ɗauke da hotonsa, ta sa aka haska mata tocila suka yi ta miƙa wa juna suna dubawa. Ta gaya musu kabarinsa yana nan a Kano kusa da masallacin da ake kira da sunansa a unguwar Hausawa, motar kuma tana gidan tarihi na Ikko da hujojin harsashi a jikinta.

Da aka tashi naɗe tabarmi, sai ta kira 'yar tafintan ta ce gobe da dare ta dawo a sake sa musu daga inda aka kama mijin, don surutu bai bar ta ta ji abin da matar ta ce ba.