Hutun haihuwa: ki san abin da doka ta ba ki kafin ki shiga ofishin lauyan kamfani

Ranar awo ce, layi ya kai har baranda, sai wata mai ciki wata takwas ta matso kusa da teburina ta rage murya. "Sista, don Allah a rubuta min cewa da saura sosai." Na ɗaga kai na dube ta. Tana aiki ne a wani kamfanin sarrafa abinci, kuma ta ji ana raɗe-raɗin cewa wadda ta tafi hutun haihuwa bara ta dawo ta tarar an ba wata gurbinta. So take ta ci gaba da tsayuwa a gaban inji har naƙuda ta kama ta a can. Ƙafafunta sun kumbura, jininta ya fara hawa. Na ce mata ba za a rubuta ƙarya ba, amma ta zauna mu yi magana.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 54, ta ba mace mako goma sha biyu: shida kafin haihuwa, shida bayanta. Na farkon kina samunsu ne idan kin kai takardar likita mai rajista da ke nuna ana sa ran haihuwarki cikin mako shida. Na bayan haihuwa kuwa ba alfarma ake miki ba, doka ce ta hana a sa ki aiki, wato kusan daidai da kwana arba'in ɗinmu na jego. Idan kin yi wata shida ko fiye a wurin kafin hutun, dole a biya ki aƙalla rabin albashi. Kin dawo kina shayarwa? Kina da rabin awa sau biyu a rana. Kuma ba a ba ki takardar sallama alhali kina cikin wannan hutu.

Sai dai akwai wani lungu da yawancinmu ba mu sani ba. Sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga cikin waɗanda dokar ke kira ma'aikata. Kenan manaja a banki, da akanta, da mu ma'aikatan jinya, abin da zai tsaya mana shi ne takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin kamfani. Ni kaina sai da na haifi ɗana na fari na buɗe nawa, ya shekara uku a ƙasan akwati.

Nan ne lauyan kamfani yake shigowa. Manyan kamfanoni suna da lauyansu na cikin gida, mai ɗaukar albashi kamar kowa. Shi ke tsara takardun ɗaukar aiki, shi ke duba wasiƙar sallama kafin ta fita, shi ke gaya wa shugabanni abin da zai kai su kotu. Zai iya zama mutumin kirki, ya tarbe ki da fara'a har da ruwan sanyi, amma ki riƙe a ranki cewa kamfani yake wa aiki. Abin da kika faɗa masa a hira, kamfani kika faɗa wa.

Duk da haka a ganina ba abin gudu ba ne, don tsoronsa yana iya yi miki amfani. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar aiki, kuma an ba ta damar duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Ta taɓa yanke hukunci a kan wata ƙungiya da ta sallami mace jim kaɗan bayan ta sanar tana da juna biyu, ta kuma sa aka biya ta diyya. Duk lauyan da ya san aikinsa ya san da wannan. Shi ya sa wasiƙa mai kwanan wata da ta ambaci sashe na 54 takan yi abin da kuka a ofishin oga bai yi ba. Oga na iya cewa bai ji ba. Takardar da ta isa teburin lauya kuwa dole a amsa ta.

Saboda haka ki sanar da cikinki a rubuce, ki haɗa da takardar likita, ki karɓi kwafi mai sa hannu ko tambari, ki ɗauki hotonsa a wayarki. Saƙon WhatsApp da oga ya turo yana cewa "ki dawo ranar Litinin ko mu nemi wata", kada ki goge shi don ɓacin rai. In aka miƙo miki takardar ajiye aiki wai ki sa hannu a sallame ki da mutunci, ki ce za ki tafi da ita gida ki karanta. Wadda ta sa hannu cewa don kanta ta bari, da wuya ta shawo kan alƙali daga baya. Kotun tana zama a Kano da Kaduna da Abuja, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa marasa hali.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sarari: tarayya tana ba da fiye da mako goma sha biyu, Legas da Kaduna sun kai wata shida ga nasu. Abin da ke damuna a matsayin ma'aikaciyar jinya shi ne muna gaya wa uwa ta shayar da nono zalla wata shida, alhali a kamfani mai zaman kansa jaririnta bai cika wata biyu ba take komawa.

Matar nan ta rubuta wasiƙarta a bayan katin awo, sannan ta juya ta a takarda mai kyau. Bayan kwana huɗu aka kira ta aka ba ta hutun, da rabin albashi. Ta zo rigakafi da 'yarta a goye, tana lissafin yadda rabin zai kai su ƙarshen wata.