Daga Toranke Zuwa Ɗakin Lacca

A dā, yaron ƙasar Gaya ko Ajingi da ya sami shiga jami'a, sai ya ɗaure akwati ya nufi Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko kuwa birnin Kano, inda Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Yanzu ilimi ya matso bakin ƙofa. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011. Wanda ya bar Toranke da safe, yana iya isa kowacce kafin rana ta take.

Abin murna ne. Amma muna so mu yi wa iyaye da sababbin ɗalibai magana a kan shekarar fari, gama a cikinta ne yara da yawa sukan yi tuntuɓen da ke bin su har ranar fita. An sayar da buhunan gero da wake, wataƙila har da akuya, domin kuɗin rajista. Bai kamata wannan wahala ta tashi a banza saboda abin da ba a faɗa wa yaro ba.

Bari mu fara da kusancin nan, domin yana da nasa tarko. A yawancin jami'o'inmu, doka ce ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccocin kowane darasi kafin a yarda ya zauna jarrabawa. A ce malami ya yi lacca 24. Wanda ya yi fashin 6 yana bakin gaɓa, wanda ya yi fashin 7 ya faɗa ciki. To, ga kaka ta yi, uba yana bukatar hannu wajen yankan dawa. Ga bikin 'yar ƙanen uwa. Ga gaisuwar mutuwa a ƙauyen maƙwabta. Sai a ce, "Ai Wudil ce, a kira shi ya zo." Ɗan da ke Zariya ba wanda zai yi tunanin kiransa saboda waɗannan. Iyaye, ku ɗauka naku ma yana Zariya, sai ranar hutu.

Kada kuma ɗalibi ya roƙi aboki ya sa masa hannu a takardar halarta. Ƙarya ce, in kuwa aka gane, su biyun za su amsa.

Game da zaman aji, tarbiyyar gida tana taimako ƙwarai, amma a wuri guda takan zama cikas. Mun koya wa 'ya'yanmu su sunkuyar da kai gaban babba, kada su tanka, kada su yi masa tambaya. A ɗakin lacca kuwa malami yakan ɗauki shiru a matsayin an fahimta, ya wuce gaba abinsa. Yaro ya koma ɗaki da duhun kai, yana jin kunyar Turancinsa. Muna gaya maka, ɗanmu, tambaya a aji ba rashin kunya ba ce. Ka ɗaga hannu, ka jira a ba ka izini, ka miƙe, ka faɗi abin da ya shige maka duhu a taƙaice. Sau da yawa rabin ajin suna da wannan tambaya, kunya ce ta rufe musu baki. Abin da ke rashin ladabi shi ne katse malami, da hira da na kusa, da cin gyaɗa a aji, da barin waya ta yi ƙara. Ka kira malami da muƙaminsa, Dakta ko Farfesa. In ba ka sani ba, "Malam" ko "Malama" ya isa.

Ka zo da wuri. Ajin shekarar fari yakan tara ɗaruruwan mutane, in wuta ta ɗauke lasifika ta yi shiru, na baya sai dai su ga bakin malami yana motsi. Minti 20 na sammako shi ne kuɗin kujerar gaba. In ka makara, ka shiga ta baya ba tare da gaisuwa ba. Wannan wuri ne da rashin gaisuwa ya fi gaisuwa ladabi. 'Yan mata kuma, in akwai dalilin ganin malami a ofis, ku je a lokacin aiki, tare da abokiya ko wakilin aji.

Yanzu ga lissafin da ya kamata kowane uba ya sani. A yawancin jami'o'i, maki 70 zuwa sama shi ne A, mai daraja 5. B yana da 4, C yana da 3, haka har F, wanda ba shi da kome. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba. Wani nauyinsa 1, wani 3. A ce yaro ya ci A a darasi mai nauyi 1, ya faɗi mai nauyi 3. Jimlarsa 5, a raba da 4, ya tashi da 1.25. Abokinsa da ya sami C a dukansu ya tashi da 3.0. Na farkon zai zo gida yana murnar A ɗinsa, alhali kuwa yana cikin hatsari. Ana tara wannan lissafi tun daga zangon farko har na ƙarshe, digiri mai daraja ta ɗaya kuwa sai da 4.50. Wanda makinsa ya yi ƙasa ƙwarai, akan ba shi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Haka kuma jarrabawar ƙarshe ba ita kaɗai ba ce. Gwaje-gwaje da aikin gida sukan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100, waɗansu malamai kuwa ba sa sanarwa kafin su yi gwaji.

Yaya za a yi karatun? A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, maimaitawa a kan kari kuwa tana rage ta. Manomi ya san wannan: noman fari da aka yi a kan lokaci ya fi sauƙi bisa ga wanda aka bari ciyawa ta rufe shuka. Saboda haka ka duba abin da ka rubuta a ranar da ka rubuta shi, ko da na rabin sa'a ne. Sa'an nan ka rufe littafin, ka gwada bayyana wa kanka da Hausa. In ka kasa, ba ka gane ba tukuna, haddacewa kawai ka yi. A lacca kada ka yi ƙoƙarin rubuta kowace kalma. Ka kama kan magana da misalai, ka bar fili, ka cika a laburare. Mutum uku ko huɗu masu himma su riƙa haɗuwa suna warware tambayoyin shekarun baya. In sun wuce haka, taron hira ne.

Ba mu ga amfanin kwana bakwai ana cin goro ana karatu har asuba gab da jarrabawa ba. Daga nan ne tsoro ke shiga, tsoro kuwa shi ke sa yaron kirki ya ɓoye takarda a aljihu. Satar jarrabawa laifi ce a dokar ƙasa ta 1999, jami'o'i kuma sukan kori mai yinta. Kwafo aikin gida daga waya, ko sa na'ura ta rubuta maka, yana iya wucewa yau, amma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya.

Wani abu kuma shi ne yajin aiki. Na malaman jami'a na 2022 ya kai wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In irinsa ya sake faruwa, yaro ya dawo gida da littattafansa, gama in an koma akan gaggauta jarrabawa.

Ku iyaye, ba sai kun iya Turanci ba kafin ku bi sawu. In yaro ya zo hutu, kada ku tsaya ga "Yaya karatu?" domin amsar kullum "Lafiya lau" ce. Ku ce ya kawo takardar sakamako, ku tambaye shi lamba nawa ya tashi da ita cikin 5, da ko akwai darasin da zai maimaita. In kun ga bukata, ku kai takardar wurin wani malamin makaranta na garinku ya karanta muku a gabansa.