Haifaffen Unguwar Sarki, baƙo a takarda

Duk lokacin da hukumar JAMB ta saki sakamako, shagunan kwamfuta da ke kewayen Masallacin Sultan Bello sukan cika da samari da 'yan mata, kowa riƙe da lambarsa a guntuwar takarda. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Nawa ka ci?" Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda sai an zo cika fom ake tuna ta: "Kai ɗan wace jiha ne?"

A Unguwar Sarki amsar ba ta da sauƙi. Kaduna gari ne na ma'aikata. Kakannin yara da dama sun zo ne tun zamanin Sardauna, daga Katsina, Borno, Ilori ko Sakkwato, suka yi aikin gwamnatin Jihar Arewa, suka gina gida, aka binne su a nan. Jikan nasu a nan aka yanka masa ragon suna, a nan ya yi firamare da sakandare, amma takardar shaidar asalinsa daga wata ƙaramar hukuma take, garin da sau biyu kacal ya taɓa takawa, ɗaya ma ta'aziyya ce ta kai shi.

Ga yadda wannan takarda ke aiki. A jami'o'in gwamnatin tarayya, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka kafa a 1962, ana raba guraben karatu gida uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla: wanda ya fi maki shi ke shiga, ko daga ina yake. Kashi 35 na jihohin da ke yankin da jami'ar ke ɗiba ne. Sauran kashi 20 kuwa an ware su wa jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma mafi yawan jihohin Arewa na cikinsu. Saboda haka ɗan asalin Katsina da ke zaune a Kaduna bai yi asarar komai ba idan ya nemi Zariya. Amma ɗan uwansa da ya zaɓi Jami'ar Ibadan ba ya cikin yankinta; makin da zai wadatar a Arewa zai iya barinsa a bakin ƙofa a can, musamman a likitanci ko aikin lauya.

Jami'ar jiha ita ce wani labarin. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana kan titin Tafawa Balewa, tafiyar 'yan mintoci a Keke Napep daga unguwar. Da kuɗin jiha ake tafiyar da ita, don haka 'yan jiha take fara dubawa, kamar yadda kowace jami'ar jiha ke yi, kuma al'adar irin waɗannan jami'o'i ce wanda ba ɗan jiha ba ya biya kuɗin makaranta fiye da na ɗan gida. Maganar kuɗi ba wasa ba ce: a 2021 gwamnati ta ɗaga kuɗin jami'ar zuwa naira 150,000, kafin Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000 a 2023.

A Amurka ma haka ake yi, ɗalibin da ya fito daga wata jiha yakan biya ninki biyu ko fiye a jami'ar gwamnati. Sai dai can zama ake dubawa: iyalin da suka zauna a jiha suna biyan haraji, 'ya'yansu 'yan jiha ne. Mu kuwa jinin uba muke bi. A ganina nan ne tsarinmu ya gaza, domin uban da ya shekara talatin ana cire masa haraji a Kaduna bai cancanci a ce ɗansa baƙo ba ne. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta taɓa shelanta cewa ta daina bambanta ɗan asali da mazauni, ta kuma fito da katin shaidar zama a jiha. Duk mai wannan kati ya riƙe shi da kyau, ya kuma tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai abin da ake karɓa a shekarar da yake nema.

Tallafin karatu ma haka yake. Hukumomin tallafi na jihohi 'ya'yansu suke ba, sai yaron ya zama kamar jemage, nan a ce ba ɗan gida ba ne, can garin kakansa kuma babu wanda ya san fuskarsa balle ya sa masa hannu. Abin da ya rage masa shi ne tallafin da ake ci da ƙwazo: na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, na asusun PTDF ga masu karatun da ya shafi man fetur, da na kamfanoni irin su MTN. Yawancinsu sai an shiga jami'a ake nema, kuma sakamakon ajin farko suke dubawa, ajin da yara da yawa ke ɓatarwa wajen murnar samun gurbi. Akwai kuma rancen NELFUND da aka fara a 2024, wanda ɗaliban manyan makarantun gwamnati ke nema. Shi bashi ne, za a biya.

Iyaye, ku nemo takardar asalin yaranku tun suna ajin ƙarshe na sakandare, kada ku bari sai rajista ta matso a fara neman kuɗin mota zuwa ƙauye. Ku duba sunan da ke kanta ya yi daidai da na lambar NIN da na JAMB, domin harafi ɗaya na iya riƙe yaro shekara guda a gida.