'Yan Dakon Da Ke Cikin Jikinmu

Ran da na fara duba ɗigon madara a madubin ƙara girman abu, sai na ga ƙananan ƙwayoyin mai suna ta rawar ɗari, ba wanda ya taɓa su. Na zaci rai gare su. Ashe ƙwayoyin ruwa ne, waɗanda ido ba ya gani, ke bangazarsu ta ko'ina. Wani Bature, Robert Brown, ya lura da irin wannan rawa a 1827, Einstein kuwa ya bayyana dalilinta a 1905.

To, jikinmu an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kowace kuwa cike take da ruwa. Wannan bangaza ita ke watsa abinci da sauran kaya a cikin ƙwayar, ba da wahalar kowa ba. Amma tafiya ce ta makaho marar sanda. In nisa ya ninka biyu, lokaci sai ya ninka huɗu. In ya ninka goma, lokaci ya ninka ɗari. A ƙaramar ƙwaya wannan ba kome ba ne. Amma akwai ƙwayar jijiya guda wadda ta taso daga laka har babban yatsan ƙafa, watau wajen mita ɗaya. Da bangaza kaɗai za a dogara, kaya sai su shekara ɗaruruwa ba su isa ba.

Saboda haka akwai 'yan dako. Cikin ƙwayar an shimfiɗa siraran bututu kamar layin dogo, wani furotin mai ƙafa biyu, ana ce da shi kinesin, yana ɗaukar kaya ya bi kansu. Ron Vale da abokan aikinsa suka gano shi a Amurka a 1985. Kowane takunsa nanomita 8 ne (nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), yakan yi taku wajen 100 a daƙiƙa. Kowane taku sai ya ci ƙwayar makamashi ɗaya mai suna ATP, don a wannan ƙanƙanta ruwa kamar zuma yake, da ya daina ja kaya sun tsaya cik. Da haka tafiyar ɗaruruwan shekaru ta koma ta 'yan kwanaki. Ɗan'uwansa, dainin, shi ke komowa da kaya baya.

Ga abin da ya sa na rubuto wannan, 'yan'uwa masu koyon malanta. Ɗan dako ba ya tambayar abin da ke cikin kaya. Ƙwayar cutar haukan kare takan bi wannan hanyar komawa, daga wurin cizo har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cizon fuska ya fi na ƙafa saurin kisa, don hanyar gajeruwa ce. In kare ya ciji almajirinku, ku wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ku kai shi asibiti a ranar, tun kayan ba su kama hanya ba.